Gwanayen Zaƙulo Harafin Da Ya Ɓuya

Daga 1998 zuwa 2003 Zhu Rongji ne firaministan ƙasar Sin, amma kwamfutoci da dama a ƙasar tasa ba su iya rubuta sunansa daidai ba. Sunan harafi uku ne, kuma na tsakiyan, 镕, ba ya cikin haruffa 6,763 da hukuma ta ware wa na'urori a 1980, a jerin da ake kira GB 2312. Sai masu shigar da labarai suka shiga dabara. Wani ya aro harafin da ake furtawa iri ɗaya ya cike gurbin, wani kuwa ya tsaga harafin gida biyu, ya jera rabin hagu da rabin dama, 金容, ya bar wa mai karatu ya haɗa su da idonsa. A Taiwan ma ba ta sake zani ba. Yu Shyi-kun, wanda ya riƙe kujerar firaminista daga 2002 zuwa 2005, harafin ƙarshe na sunansa, 堃, ba ya cikin jerin Big5 da ake amfani da shi a can. Sai aka riƙa warware shi gida uku, 方方土, suna mai harafi uku ya koma mai biyar.

In masu mulki sun sha wannan, ina ga manomin ƙauye da kakansa ya zaɓo masa suna daga tsohon ƙamus? Akwai mutanen da aikinsu ke nan, ko kuma sha'awarsu: a miƙa musu harafin da ba su taɓa gani ba, ba su san yadda ake furta shi ba, ba su san ma'anarsa ba, su kuma fito da shi a fuskar kwamfuta, shi ɗin dai, ba mai kama da shi ba. Masu kwafe tsofaffin littattafai ne, da ma'aikatan ɗakunan karatu, da akawunan rajistar sunaye, da masu tsara ƙamus. Daga nesa aikin ba shi da wani armashi, mutum ne zaune yana danna madannai. Sai ka matso ka ga abin da idonsa ke yi kafin yatsa ya motsa.

Rubutun Sinanci ba abajada ba ne. Kowane harafi gaɓar magana ce guda mai ɗauke da ma'ana, shi ya sa yawansu ya wuce misali. Ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 bisa umarnin Sarki Kangxi ya tattara sama da 47,000. Wani da ya fito a 1994, Zhonghua Zihai, ya haura 85,000. Mafi yawansu babu mai buƙatarsu a rayuwar yau da kullum. Jerin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya tsaya a 8,105, kuma 3,500 na farko sun ishi mutum karanta jarida ba tare da tuntuɓe ba. Sauran dubban suna kwance a sunayen mutane, sunayen ƙauyuka da duwatsu, littattafan magani na dā, nassoshin addinin Buddha, da kare-karen harshe irin na Hong Kong.

Yadda yawancin Sinawa ke rubutu a kwamfuta ko waya kuwa, ta hanyar sauti ne. Tun 1958 ƙasar ta amince da pinyin, tsarin rubuta furucin Sinanci da haruffan boko, wanda Zhou Youguang ya jagoranci tsarawa. Mutum ya buga furucin, manhaja ta jero masa haruffan da ke da wannan furuci, ya zaɓa. Gaɓoɓin Sinancin hukuma kusan 400 ne kacal in an cire karin sauti, saboda haka gaɓa ɗaya kamar yi tana da haruffa fiye da ɗari. Manhajojin yanzu sun iya hasashe, suna duba jimla su tsinci wanda ake nufi, har mutum ya rubuta shafi guda bai tsaya zaɓe ba sai nan da can. Duk wannan sauƙi yana rataye ne a kan sharaɗi ɗaya, wato ka san yadda ake furta abin da kake nema. Ranar da aka ajiye maka harafin da bakinka bai san shi ba, pinyin ba ta da abin da za ta yi maka. Ko ka san furucin ma, harafin da ba a cika amfani da shi ba yana can ƙarshen layi, sai ka juya shafi bayan shafi na zaɓi, wani lokaci ka kai ƙarshe babu shi.

A nan gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Ɗan koyo yana ganin harafi a matsayin dunƙulen zane mai rikitarwa. Gwani yana ganin sassan da aka harhaɗa. Kusan kowane harafi, komai tsufansa, an gina shi ne daga ƙananan sassa 'yan ɗaruruwa da ke ta maimaituwa: ruwa, wuta, itace, baki, hannu, zuciya, ƙarfe. Ɗauki 犇. Wanda bai san shi ba zai iya ganin cewa harafin sa ne, 牛, aka jera sau uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa. Sa kuwa kowane yaro ya san niu ake ce masa. Manhajoji irin su Sogou da ta Microsoft suna da wata ƙofar baya da mutane da yawa ba su san da ita ba: ka fara da harafin u, sannan ka buga sunayen sassan. Wanda ya buga uniuniuniu, sai 犇 ya bayyana, har da furucinsa, ben. Haka 鑫, ƙarfe uku, da 淼, ruwa uku, waɗanda iyaye ke son sa wa 'ya'yansu. In sassan ma ba su da sunan da ka sani, sai ka sauko ga layukan alƙalami. Duk abin da alƙalami ya zana kafin a ɗaga shi layi ɗaya ne, kuma an kasa layukan gida biyar: na kwance, na tsaye, mai gangarawa hagu, ɗigo ko mai gangarawa dama, da mai lanƙwasa. Kowanne da madanninsa. Harafin itace, 木, layi huɗu ne, h, s, p, n. Sai dai dole ka bi su a jeren da ake koya wa yara a makaranta, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, waje kafin ciki. Ka sauya jeren, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba.

Wannan dabarar ta masu wucewa ce, wanda harafi ɗaya ya tare wa hanya. Waɗanda kullum cikin irin waɗannan haruffa suke, sun bar sauti gaba ɗaya sun koma ga siffa. Gani ya kori ji.

Chu Bong-Foo ne ya buɗe wannan hanya. Ya yi aiki a wani kamfanin ɗab'i a Brazil a farkon shekarun 1970, ya ga yadda kwamfuta ke gaggauta fitar da littafi, ya koma Taiwan da tambayar yadda za a yi wa Sinanci haka. A 1976 ya fito da tsarin da daga baya aka raɗa wa suna Cangjie, sunan mutumin da almarar Sinawa ta ce shi ya ƙago rubutu, mai ido huɗu, wanda ya koyi zane daga sawun tsuntsaye. Chu ya ɗauki madannai 24 na allon madannan da kowa ya sani, ya ba kowanne tushen siffa guda. A ita ce rana, B wata, C ƙarfe, D itace, E ruwa, F wuta, G ƙasa, O mutum, P zuciya, R baki, V mace, haka har ƙarshe. Kowane tushe kuma yana da 'yan rakiya, wato siffofin da yake ɗauka in ya matse a gefen wani harafi, kamar ɗigo ukun da ruwa ke komawa a hagu. Madannin X an ajiye shi ga siffofin da suka gagari rabo.

Da wannan, harafin haske, 明, rana da wata, AB ne. Kurmi, 林, DD. Daji, 森, DDD. Hutu, 休, mutum a jikin itace, OD. Ba a taɓa wuce danni biyar, komai cunkoson harafin, domin akwai ƙa'ida: a raba shi kai da jiki, kai kada ya wuce danni biyu, jiki kada ya wuce uku, abin da ya rage a tsakiya a tsallake shi. Gwada ta a kan harafin da ba a samu a jarida. Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunan kanta, daga 690 zuwa 705, ta sa an ƙirƙiro sababbin haruffa, ciki har da wanda ta ɗauka a matsayin sunanta, 曌, rana da wata a bisa sarari. Mai Cangjie ba ya buƙatar sanin wannan tarihi, ba ya buƙatar sanin zhao ake cewa. Ya ga rana da wata a kai, AB, ya ga sarari a jiki, JCM, ya buga biyar ɗin, harafin da aka ƙaga shekara fiye da 1,300 da suka wuce ya fito. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai na jinjina wa Chu. Ya gina tsarin da mutum zai rubuta abin da bai iya karantawa ba, kuma a 1982 ya yafe haƙƙin mallakarsa, kowane kamfani ya sa shi kyauta. Shi ya sa har gobe yana cikin kusan kowace kwamfuta da ke rubuta Sinancin gargajiya, kuma a Hong Kong ya zauna daram, inda mutane ke magana da Kantonanci, pinyin ɗin Beijing ba ta dace da bakinsu ba.

A babban yankin Sin kuwa Wang Yongmin, mutumin lardin Henan, ya shafe shekara biyar yana rarraba haruffa kafin ya fito da Wubi a 1983. Shi ya kasa madannai 25 zuwa unguwa biyar, gwargwadon layin da kowane sashe ke farawa da shi, kuma danni huɗu ne iyakarsa. Wahalar koyonsa ba kaɗan ba ce, sai an haddace sassa fiye da ɗari da mazaunin kowanne, har waƙar hadda aka yi musu. Amma a shekarun 1990 duk mai neman aikin ofis a Sin ya san darajarsa, domin wanda ya ƙware yana bugawa ba tare da ya dubi jerin zaɓi ba. Pinyin mai hasashe ta zo ta kwashe masa jama'a. Waɗanda suka rage a kansa su ne masu aikin da sauti ba ya yi musu rana, kamar mai shigar da sunaye dubu a rana, wanda ba shi da lokacin tambayar kowa yadda ake kiran sunansa.

Akwai wata riba da masu bin siffa suka tsira da ita. Sinawa na kokawa da cewa yawan buga pinyin ya sa mutum ya ɗauki alƙalami ya nemi harafin da ya sani sarai ya rasa yadda ake zana shi. Wanda kullum yake warware harafi da yatsunsa, da wuya wannan mantuwa ta kama shi.

Wannan gwaninta ta girmi kwamfuta. Tafiretar Sinanci ta ƙarni na 20 ba ta da madannai irin na boko. Faranti ne shimfiɗe mai ɗauke da ƙananan ƙarafa kusan 2,500, kowanne da harafinsa, mai bugawa yana zagaya hannun na'urar ya sauke a kan wanda yake so. Haruffan da ba su samu wuri a farantin ba suna cikin akwatunan ajiya, in an buƙaci ɗaya sai a tsamo shi da hantsaki a dasa. Marubuci Lin Yutang ya kashe dukiyarsa a kan wata na'ura mai madannai 72 da ya nuna a New York a 1947, wadda mutum zai danna siffar saman harafi da ta ƙasansa, wata 'yar taga ta nuna masa har takwas ya zaɓa. Ba ta shiga kasuwa ba, ta bar shi da bashi. Amma masanin tarihi Thomas Mullaney na Jami'ar Stanford ya nuna cewa wannan dabara ta nema sannan a zaɓa ita ce kakar duk abin da ake yi yau.

In siffa ta ƙi, gwani yana komawa ga tsohuwar hanyar ƙamus. Kangxi ya jera haruffansa ƙarƙashin jigo 214. Ka gano jigon harafi, ka ƙirga layukan da suka rage, ka je wannan shafi. Faɗa da baki ne mai sauƙi. Harafin tambaya, 問, da na ji, 聞, duka suna cikin siffar ƙofa, amma ba a ƙarƙashin ƙofa aka ajiye su ba, na farko yana wajen baki, na biyu wajen kunne. Wanda ya nemi su a ƙofa zai wuni bai gan su ba. Da yake Unicode, tsarin da ke ba haruffan duniya lambobi, ya bi wannan jeri na jigo da layi wajen tsara haruffan Sinanci, wanda ya iya ƙamus ɗin 1716 ya iya laluben jadawalin yau.

Sai kuma babban haɗarin aikin, wanda ba rashin samun harafi ba ne. Samun wanda ba shi ba ne, a kuma gamsu. Kama da wane ba ta wane. Kogin Miluo na lardin Hunan, inda tarihi ya ce mawaƙi Qu Yuan ya faɗa, ana rubuta shi da 汨, ruwa da rana. Akwai kuma 汩, ruwa da wani sashe mai ɗan faɗi kaɗan, furucinsa daban, ma'anarsa daban. A ƙaramin rubutu sai mai ido ya raba su. Haka 己 da 已 da 巳, bambancinsu tsawon layi ɗaya ne, ko ya tsaya ƙasa, ko ya kai rabi, ko ya rufe. Hanyoyin zamani, irin zana harafi da yatsa a fuskar waya ko ɗaukar hotonsa manhaja ta gane, suna da amfani ƙwarai, amma halinsu ne su miƙo maka sanannen da ya fi kusa, domin a kan sanannu aka horar da su. Mai gaggawa ya karɓa. Gwani yana ƙara girman harafin, ya ƙirga layukan ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da na takardar da ke gabansa.

Japanawa, waɗanda su ma da waɗannan haruffa suke rubutu, sun ga abin da sakaci kaɗan ke haifarwa. A jerin da suka tsara wa kwamfuta a 1978 an wayi gari da wasu haruffa da babu wanda ya san inda suka fito, har aka sa musu suna fatalwa. Binciken da aka kammala a 1997, wanda masani Sasahara Hiroyuki ya yi fice a cikinsa, ya bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga ciki, 妛, ashe sunan wani wuri ne da aka rubuta ta hanyar liƙa takarda mai dutse a saman takarda mai mace, inuwar bakin takardar ta fito a kwafi kamar layi, mai kwafa ya ɗauka layi ne ya zana. Wani kuma, 彁, ba a samo masa tabbataccen asali ba. Suna nan cikin Unicode har yau, don lambar da aka riga aka bayar ba a janye ta.

Ko an gano harafin daidai, da sauran rina a kaba. Sau da yawa mutum zai buga komai yadda ya kamata, sai ɗan akwati fanko ya fito. Mai rubuta Hausa ya san wannan akwati. Shekaru muka yi muna aika ƙ da ɗ da ɓ su isa wayar wani a matsayin murabba'i ko alamar tambaya, har da yawa suka haƙura suka koma k da d da b, ƙasa da kasa suka zama abu guda. Namu 'yan ƙalilan ne masu lanƙwasa, nasu dubbai ne. Abin da gwani ya sani shi ne akwatin ba ya nufin harafin ya ɓace. Abu uku ne dole su haɗu kafin harafi ya bayyana: ya kasance yana da lamba, manhajar shigarwa ta san hanyar zuwa lambar, sannan kundin siffofin da ke cikin na'urar ya ƙunshi zanensa. Akwati fanko yawanci na ukun ne ya gaza, lambar tana nan lafiya, zanen ne babu. Alamar tambaya kuwa ta fi muni, sau da yawa tana nufin wata tsohuwar manhaja ta haɗiye lambar a hanya, ba kuma za ta dawo ba. Wanda ya iya bambance waɗannan biyun ya san ko kundi zai sauya ko kuwa aikin ne zai sake daga farko.

Dalilin yawan wannan matsala lissafi ne. Unicode ya fara da haruffan Sinanci 20,902 a farkon shekarun 1990, ya ƙara 6,582 a 1999, sannan a 2001 ya zubo 42,711 a lokaci guda. Wannan ƙari na 2001 bai samu wuri a gurabe 65,536 na farko ba, sai aka kai shi gaba, inda kowace lamba ke cin wuri ninki biyu a manhajoji da yawa. Duk manhajar da aka rubuta da zaton gurbi ɗaya ya isa, in ta gamu da irin wannan harafi sai ta tsaga shi biyu ko ta ƙi shi. Kundin siffofi ɗaya kuma ba ya ɗaukar zane fiye da 65,535, alhali haruffan yanzu sun kai wajen dubu ɗari. Babu kundi guda da zai riƙe su duka. Shi ya sa Windows ke zuwa da wani na daban mai suna SimSun-ExtB, shi ya sa kuma Hanazono na Japan, wanda masu sa kai suka zana, ya zo a rabe. Mai wannan aiki yana tara irin waɗannan kundaye, ya san wanne ya ƙunshi me. In ya san lambar harafi kuwa, ba ya ma bi ta manhajar shigarwa: a Microsoft Word ya buga lambar, ya danna Alt da X tare, ta rikiɗe ta zama harafi.

To in harafin ba shi da lamba sam fa? Nan ne na fi ganin kyan hankalin mutanen nan, domin sun ƙi yarda su yi ƙarya. Ƙungiyar CBETA, da aka kafa a Taipei a 1998 don mayar da nassoshin Buddha na Sinanci cikin kwamfuta, ta yi ta cin karo da haruffan da malaman dā suka ƙera don kwaikwayon sautin Sanskrit, waɗanda ba a samun su ko'ina sai a nassi ɗaya ko biyu. Ba su musanya su da masu kama ba. Sun riƙa rubuta yadda aka gina kowanne, wannan sashe a gefen wancan, a cire kaza a sa kaza, suka ba shi lambar ajiya, ta yadda ranar da ya samu lambar duniya za a maye gurbinsa a ko'ina a lokaci guda. Unicode ma ya tanadi alamomi na musamman don wannan tun 1999. Alamar ⿰ tana cewa hagu da dama, ⿱ tana cewa sama da ƙasa. Wanda ya rubuta ⿱明空 ya faɗa wa duk mai karatu cewa haske ne a bisa sarari, ko da na'urarsa ba za ta iya zana shi ba. Da wannan rubutu ma ake bincike a rumbunan haruffa, ka ba da sassa biyu da ka gani, a jero maka duk harafin da ya ƙunshe su.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ce ta fi jawo ɓarna. Unicode ya bar wasu gurabe fanko don amfanin kai, Windows kuma tana da 'yar manhajar da mutum zai zana harafinsa ya ajiye a ɗaya daga cikinsu. A na'urarka zai fito tsaf, har ka buga a takarda. Aika shi wata na'ura, ya zama akwati, ko ya zama wani harafin dabam da wani ya ajiye a wannan gurbi. Ofisoshi da bankuna sun yi shekaru kowa na zana nasa, sai sunan mutum ɗaya ya zama yana da lamba kaza a wajen masu katin shaida, wata lambar a banki, wata a wajen sayen tikitin jirgi. A ido duk ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum uku ne, sai ta ce sunan bai dace ba. Gwanin gaske yana taɓa wannan hanya ne kawai in takarda za a buga a gama, ba ya shigar da ita rumbun bayanai.

Hanyar da ke ɗorewa doguwa ce. Akwai kwamitin masana da ake kira IRG, mai wakilai daga Sin, Taiwan, Hong Kong, Macao, Japan, Koriya, Vietnam da wasu, wanda ke tace duk harafin da ake so a ba lamba. Sai an kawo hujja, hoton shafin littafi ko takardar hukuma inda harafin ya fito, sannan a tabbatar ba wani tsohon harafi ba ne da aka ɗan sauya wa hannu. Abin yana cin shekaru. Taliyar biangbiang ta lardin Shaanxi, wadda ake sayarwa a kowane lungu na birnin Xi'an, harafin sunanta yana da layi 58 a yadda aka fi rubuta shi, yana rataye a ƙofar shaguna, yara na haddace shi da waƙa, amma ba ya cikin ƙamus ɗin Kangxi, kuma bai samu lamba ba sai a 2020. Kafin nan hotonsa ake liƙawa ko a rubuta shi da boko. Sababbi ma na zuwa: da aka sanar da sunayen Sinanci na sababbin sinadarai huɗu a 2017, an ƙera wa wasunsu haruffa, na sinadari mai lamba 117 dutse a gefen gona, kuma a 2018 suka shiga Unicode.

Wanda bai samu mai tsaya masa ba, shi ke biyan kuɗin jinkirin. A gundumar Yongsheng ta lardin Yunnan akwai wani dangi na ƙabilar Lisu da sunan gidansu Nia, da harshensu tsuntsu, ana rubuta shi da harafin da ya haɗa siffar tsuntsu da wani sashe a ƙasa. Da aka koma yin katin shaida da kwamfuta, na'urar ba ta san shi ba, sai aka rubuta musu harafin da ya ƙunshi sassa masu kama, 鸭. Ma'anarsa agwagwa. Labarin ya bazu a kafafen yaɗa labaran Sin a 2023, shekarar da sabon ma'aunin ƙasar, GB 18030 na 2022, ya fara aiki a ranar 1 ga Agusta da haruffa 87,887, tare da wajabta wa na'urorin hukuma da na hidimar jama'a su iya karɓar su duka. A watan Satumban wannan shekara Unicode ya ƙara wasu 622, waɗanda aka tsamo daga rumbun rajistar jama'ar Sin, haruffan da mutane ke amsa suna da su tun kafin a ba su lamba. Kowanne sai da wani ya zauna ya warware shi sashe-sashe, ya laluba dubban da ake da su ya tabbatar babu shi, sannan ya kawo takardar da ke nuna akwai mai shi.